Cili: miyar nama da barkono ta Teksas, yadda ake dafa ta a gida da abin da ya kamata ka kiyaye

Cili miya ce mai kauri da ake dafawa da naman shanu da busasshen barkono, a zuba kumin da tafarnuwa, a bar ta a kan ƙaramar wuta har naman ya yi ligif. Cikakken sunanta da Sifaniyanci shi ne chili con carne, ma'ana barkono da nama. Ba ta da wata alaƙa da ƙasar Chile. Kalmar ta fito ne daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, waɗanda ke kiran barkono da wannan suna tun kafin Turawa su isa Meziko. Idan ka taɓa zama a Amurka lokacin sanyi, ko ka ga tukunyar a bidiyon masu girki kana son gwadawa, wannan bayani zai nuna maka yadda ake haɗa ta, da wurare uku da take iya kai mutum asibiti: waken da bai dahu ba, niƙaƙƙen naman da bai dahu ba, da tukunyar da aka bari ta kwana a waje.

Asalinta

Garin San Antoniyo da ke jihar Teksas ne gidan cili. Tun ƙarni na 19 matan garin 'yan asalin Meziko ke kafa tebura a dandalin gari da yamma, suna sayar wa sojoji da makiyaya da matafiya, har aka yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili. A shekarar 1937 hukumar lafiya ta garin ta ɗora musu ƙa'idojin tsafta irin na gidajen abinci, kuma daga nan sana'ar ta fara mutuwa. A shekarun 1890 wani Bajamushe mazaunin Teksas mai suna William Gebhardt ya fara niƙa busasshen barkono da kayan ƙamshi yana sayarwa a matsayin gari, abin da ya ba mutanen da ke nesa da gonakin barkono damar dafa ta a kowane lokaci na shekara. A 1977 majalisar jihar Teksas ta ayyana cili a matsayin abincin jihar.

Har yau Amurkawa na gardama a kan abu ɗaya: a sa wake ko kar a sa. Mutumin Teksas zai ce maka da zarar wake ya shiga, sunan abincin ya canza, kuma a gasar dafa cili da ake yi a ƙauyen Talingwa tun 1967 ba a yarda da wake a tukunyar gasa ba. A sauran jihohi kuwa wake da tumatir su ne rabin tukunyar. A Sinsinati ta jihar Ohayo, baƙi daga yankin Makidoniya sun ɓullo da tasu a shekarun 1920, mai ruwa-ruwa da kirfa, ana zuba ta a kan taliya da cuku. Ta fuskar lafiya dai na fi goyon bayan masu wake, kuma za ka ga dalili a gaba.

Barkono da abin da yake yi a jiki

Duk dangin barkono, da tattasai da attarugu, daga nahiyar Amurka suka fito. 'Yan kasuwar Fotugal ne suka yaɗa su zuwa Afirka da Asiya bayan 1492. Kafin nan yajin kakanninmu masoro ne da kimba da citta.

Sinadarin da ke kawo zafin sunansa kafsaisin. Ba a cikin 'ya'yan barkono ya fi yawa ba, kamar yadda aka saba faɗa. Yana cikin farin naman nan na ciki da 'ya'yan ke manne a jikinsa, don haka idan kana son rage yaji, shi za ka kankare. Kafsaisin ba ya ƙona fata da gaske. Yana maƙalewa ne a wata ƙofa da ke jikin jijiyoyin jin zafi, wadda ake kira TRPV1, wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce, ta saki gumi da majina da hawaye. David Julius ne ya gano wannan ƙofa a 1997 ta hanyar amfani da kafsaisin, kuma aikin na cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel ta likitanci a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Ana auna yaji da ma'aunin Sikobil, wanda wani masanin haɗa magani Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. Barkonon anco, babban busasshen da shi ne ginshiƙin cilin Teksas, bai wuce 1,000 zuwa 2,000 ba. Halafenyo yana tsakanin 2,500 da 8,000. Habanero kuwa, wanda jinsinsu ɗaya da attarugunmu, yana kai 100,000 zuwa 350,000. Wannan lissafi yana da amfani a madafa. Idan ka ga girki ya ce a zuba cokali uku na garin cili, ba dakakken barkono zalla ake nufi ba. Haɗi ne na barkono mai sanyi da kumin da garin tafarnuwa da ganyen origano, sau da yawa har da gishiri. Wanda ya zuba cokali uku na barkonon kasuwarmu a madadinsa ya ɓata tukunya. Abin da ya fi kusa da anco a wajenmu shi ne busasshen tattasai, sai ka ɗan ƙara attarugu ko barkono gwargwadon yadda gidanka ke iya ci.

Idan yaji ya kama bakinka, ruwa ba zai yi maka komai ba, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Madara ko kindirmo ne ke wanke shi. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsafta mai yawa na mintuna da dama, kar a murza. Bayan yanka attarugu a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko a ɗauki jariri.

Shin yaji ne ke kawo olsa?

A'a. Wannan tambaya ce da muke sha kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya. Manyan abubuwa biyu da ke haddasa gyambon ciki su ne ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano rawar da take takawa, da kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen, daikilofenak da asfirin. Mutum zai daina cin barkono shekara biyu yana fama, alhali ƙwayar na nan, kuma maganin da ke kashe ta na kwana 10 zuwa 14 ne kawai. Abin da yaji ke yi shi ne tayar da raɗaɗi ga wanda ya riga yana da gyambon, ko mai ƙwannafi, ko mai hanjin da ke saurin murɗawa. Haka batun basir: barkono ba ya haifar da shi, amma mai tsagewa a dubura zai ji a jikinsa washegari. Idan cili na tayar maka da ƙwannafi, rage yajin da maiƙon, kuma kada ka kwanta sai bayan awa uku da ci. Idan kuwa akwai baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ba maganar rage yaji ba ce, ka je asibiti.

Jan wake: nan ne haɗarin da mutane ba su sani ba

Waken da aka fi sa wa cili shi ne babban jan waken nan mai siffar ƙoda. Ba jinsinsa ɗaya da waken da muke nomawa ba, kuma ɗanyensa na ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira faitohimagulutinin, wanda ke manne wa bangon hanji. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa su sa mutum amai mai tsanani cikin awa ɗaya zuwa uku, daga baya gudawa da ciwon ciki su biyo. Yawanci ana warwarewa cikin 'yan sa'o'i, amma yaro ko tsoho na iya rasa ruwan jiki har ya buƙaci ƙarin ruwa.

Zafin tafasa na kashe gubar, sai dai dole ya zama tafasa ta gaske. Abin mamakin shi ne waken da aka ɗumama a zafin da bai kai tafasa ba, kamar digiri 80, yana iya fin ɗanye guba. Wannan ya sa tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda Amurkawa ke jona wa wuta da safe su tafi aiki, ta zama sananniyar hanyar kamuwa idan aka zuba mata busasshen jan wake kai tsaye. Murhun gawayin da ya fara mutuwa ma haka zai yi.

Ƙa'idar ita ce a jiƙa waken aƙalla awa biyar ko ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba sabon ruwa, a bar shi ya tafasa sosai yana ɓulɓula. Minti 10 na cikakkiyar tafasa na lalata gubar, amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar minti 30 domin a tabbatar zafin ya ratsa kowace ƙwaya, kuma ni ma ita nake ba mutane. Bayan nan ne za a rage wuta har ya yi laushi. Waken gwangwani an riga an dafa shi, ba shi da wannan matsala. Kada ka zuba tumatir sai waken ya yi laushi, domin tsami na hana shi nuna. Kana iya amfani da namu waken, fari ko ja, kuma yana yin daɗi, amma ka haƙura da kanwa: tana ƙara sinadarin sodiyom a tukunya, tana kuma lalata bitamin B1.

Idan an dafa shi daidai, wake ne mafi amfanin abin da ke cikin kwanon. Kofi ɗaya na dafaffen jan wake na ba da furotin kimanin giram 15 da harza giram 11 zuwa 13, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da folet. Harzar na rage saurin hawan sukari bayan cin abinci, tana taimakawa wajen sauke kitsen jini, tana hana taurin bayan gida. Bitamin C na tattasai da lemon tsami, da kuma naman da ke tukunyar, suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen waken. Kumburin ciki da tusa na raguwa idan aka zubar da ruwan jiƙo, kuma hanji na sabawa idan ana ci a kai a kai.

Niƙaƙƙen nama

A dunƙulen nama ƙwayoyin cuta a bayansa suke, wuta na taɓa su suke mutuwa. Da zarar an niƙa shi, injin ya cuɗa su har ciki. Wadda aka fi tsoro ita ce E. coli O157:H7, mai sa gudawar jini, wadda a wasu yara take lalata ƙoda. A 1993 ta kama mutum fiye da 700 a yammacin Amurka ta hanyar niƙaƙƙen naman da bai gasu ba, yara huɗu suka rasu. Niƙaƙƙen naman shanu sai cikinsa ya kai digiri 71, na kaza ko talotalo 74. Cilin da ta yi awa guda tana tafasa ta wuce haka nesa ba kusa ba, saboda haka haɗarin ba a tukunyar yake ba. Yana kan wuƙa da katakon yanka da hannun da ya taɓa ɗanyen nama sannan ya yanka albasar da za a barbaɗa a sama, da kuma cokalin da aka ɗanɗana da shi tun naman bai dahu ba. Yaron da ya yi gudawa da jini a kai shi asibiti. Kada a saya masa maganin tsayar da gudawa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, domin a wannan cutar suna iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda.

Game da yawan nama, Asusun Binciken Kansa na Duniya ya ba da shawarar kada jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, saboda alaƙarsa da kansar babban hanji. Hanya mafi sauƙi ita ce rage naman tukunya da rabi a cike gurbin da wake. Ga Musulmin da ke ƙasashen waje: wasu gidajen abinci na sa naman alade ko giya a cilinsu, don haka a tambaya.

Girkin gida mai wake, na mutum shida

Za ka buƙaci niƙaƙƙen naman shanu marar kitse giram 500, busasshen jan wake kofi ɗaya da rabi wanda aka jiƙa aka dafa kamar yadda aka bayyana a sama, manyan albasa biyu, tafarnuwa sala biyar, busasshen tattasai shida, ɗanyen tattasai biyu, attarugu ɗaya, tumatir shida da aka jajjaga, tumatirin gwangwani babban cokali biyu, man girki babban cokali biyu, garin kumin ƙaramin cokali biyu, origano ko tayim ƙaramin cokali ɗaya, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe. Kumin shi ne abin da masu sayar da kayan ƙamshin Larabawa ke kira kammun, kuma shi ne ƙamshin da ke bambanta cili da miyar dage-dage. Idan babu shi, abin da ka dafa miya ce kawai.

Cire hancin busasshen tattasan da 'ya'yansa, ka ɗan gasa shi a busasshen kasko na kamar minti ɗaya har ƙamshi ya tashi. Kada ya yi baƙi, zai yi ɗaci. Jiƙa shi a ruwan zafi minti 20, ka niƙa da attarugun da ɗan ruwan jiƙon. Soya naman a man har ya yi ja ya bar ruwansa, ka tsiyaye kitsen da ya fito. Zuba albasa da ɗanyen tattasai su yi laushi, sannan tafarnuwa da kumin da origano na minti ɗaya, sai tumatirin gwangwani. Juye niƙaƙƙen tattasan da jajjagen tumatir da ruwa kofi biyu, ka rage wuta, ka rufe rabi, ya yi awa ɗaya kana juyawa. Zuba waken ya ƙara minti 20. Gishiri a ƙarshe, tare da matsin rabin lemon tsami. Ana ci da shinkafa ko burodin masara, a ɗora yankakkiyar albasa da cokalin kindirmo a sama.

Don yin irin ta Teksas, bar wake da tumatir, ka yanka nama kilo ɗaya ƙanana kamar kan yatsa, ka ninka busasshen tattasai, ka dafa awa biyu da rabi zuwa uku, a ƙarshe ka dama garin masara cokali biyu ka zuba ta yi kauri. Ta fi ƙamshi, amma nama ne zalla, ta ranar biki ce. Marar nama kuma ana yin ta da wake iri biyu da kabewa ko dankalin Hausa da aka yanka ƙanana, kuma ita na fi ba masu hawan kitsen jini shawarar su fara da ita.

Ka duba busasshen tattasai da barkono kafin saye. Wanda ya yi fumfuna ko yake warin damshi na iya ɗauke da afalatoksin, gubar da ke lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ya fi ka sayi gudansa ka niƙa da kanka, domin a gari ba a ganin komai.

Gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato sodiyom miligiram 2,000, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Kofi ɗaya na cilin gwangwani kan kai kusan miligiram 1,000, rabin kason yini kenan tun kafin a ɗora cuku. A girkin gida gishirin na shigowa ta ƙofofi da yawa ba a lura ba: haɗaɗɗen garin cili, waken gwangwani, tumatirin gwangwani, da dunƙulen ɗanɗano. Tsiyaye waken gwangwani da ɗauraye shi na rage sodiyom ɗinsa da kusan kashi 40 cikin 100. Idan za ka sa dunƙule, to bar gishirin. Mai hawan jini zai ga cewa kumin da tafarnuwa da lemon tsami na rufe gurbin fiye da yadda yake zato.

Mai ciwon sukari na iya cin cili mai wake hankali kwance, abin lura shi ne tulin shinkafar da ke ƙarƙashinta. Mai ciwon ƙoda da aka ce ya rage fotasiyom ya tuntuɓi likitansa tukuna, domin wake da tumatir duk suna da shi da yawa. Mai juna biyu ba a hana ta ba, sai dai ƙwannafi. Ga ƙananan yara, a ɗebar musu kafin a zuba attarugu, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya kuma ba a sa masa gishiri.

Abin da ya rage a tukunya

Masu dafa cili duk sun yarda ta fi daɗi washegari, kuma a nan ne aka fi samun matsala. Akwai wata ƙwayar cuta, Clostridium perfringens, da ke zama a ƙasa da hanjin dabbobi, wadda ke naɗe kanta cikin ɓawon da tafasa ba ta kashewa. Idan wuta ta mutu, abinci ya fara hucewa, sai ta farka. Tsakiyar babbar tukunya mai kauri ba iska, ga ɗumi na sa'o'i, wanda shi ne ainihin abin da take so, kuma a zafin digiri 43 zuwa 47 tana iya ninka kanta cikin kimanin minti 10. Abincin ba ya canza wari ko ɗanɗano. Bayan awa 6 zuwa 24 da ci sai murɗawar ciki da gudawa kamar ruwa, yawanci ba zazzaɓi ba amai, kuma takan wuce cikin yini guda. Shi ya sa ake yawan ganin ta bayan walima da taron da aka yi girki da babbar tukunya.

Kada abinci ya wuce awa biyu a waje bayan sauke shi, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. Kada ka cusa tukunyar gaba ɗaya cikin firij, tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. Rarraba ta a faffaɗan mazubai marasa zurfi, kaurin abincin kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. A firij tana kwana uku zuwa huɗu, a daskare kuma watanni. Wajen ɗumame, a ɗebi abin da za a ci kawai, a juya shi har ko'ina ya tafasa, wato digiri 74 ko fiye. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dafa abin da za a cinye a zama ɗaya. Tafasa tukunya da dare a sake tafasa ta da asuba na rage haɗari amma ba ya kawar da shi, domin wasu ƙwayoyin, irin su Staphylococcus aureus da ke fitowa daga hannun mai girki, suna barin gubar da zafi ba ya lalatawa.

Idan gudawa ta kama wani bayan ci, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, kaɗan-kaɗan a kai a kai, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. A tafi asibiti idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ya hana ruwa zama a ciki, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko gudawar ta wuce kwana uku. Jariri, tsoho, mai juna biyu da mai ciwon ƙoda ko sukari ba sa jiran kwana ukun, a kai su tun ranar farko.